Gidan 'yan firat, hostal ko haya a gari? Ga kuma kuɗin littattafai, don Allah ku ba ni shawara

ɗan_ƙofar_mata:

Assalamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Don Allah waɗanda suka yi karatu a Amurka ko suke can yanzu ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗau zafi wlh.

Ina aji ɗaya ne a wata jami'ar gwamnatin jiha a tsakiyar ƙasar, injiniyanci nake karanta, shekarata 19. Dokar makarantar duk ɗan aji ɗaya dole ya zauna a hostal kuma dole ya biya kuɗin cin abinci a kafteriya, to mun yi hakan, mu biyu ne a ɗaki ni da wani Bature, yaron kirki ne ba ruwansa, in zan yi sallah har kashe kiɗansa yake. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne, tallafin da makaranta ta ba ni kuɗin karatu kawai ya ɗauke, ɗaki da abinci Baba ne ke biya, kuma kun san yadda dala take da naira yanzu, duk sanda aka turo takardar biya sai na ji nauyin tura masa.

Yanzu muna cikin Oktoba amma har an fara sa hannu a takardun hayar shekara mai zuwa, kowa tambayarka yake ina zaka zauna baɗi. Wani abokina da muke ajin lissafi tare ɗan ƙungiyar nan ne masu rubuta haruffan Girka a goshin gidajensu, su firat (fraternity, ƙungiyar 'yan uwantaka ta ɗalibai maza), shi ne ya kai ni gidansu. Ƙaton gida mai hawa uku, kusa da ajinmu sosai a ƙafa zaka je, suna da mai dafa musu abinci, akwai ɗakin karatu, har da durowa cike da tsofaffin takardun jarabawa da na baya suka bari. Kuɗin ɗaki da abinci da ya faɗa min bai kai na hostal ba. Ya ce in zo a Janairu lokacin ɗibar sababbi, shi zai tsaya min. Na ce masa ni Musulmi ne ba na shan giya, ya ce ba wanda zai tilasta min.

Na biyu kuma littattafai. Wannan simestar na shiga kantin littattafan makaranta tun kafin a fara lakca na sayi duk abin da aka rubuta, na kimiyyar sinadarai kaɗai ya haura dala 200, yanzu mun kai rabin simesta malamin ko sau ɗaya bai ce a buɗe shi ba, daga silaid ɗinsa yake komai. Na lissafi kuma ba littafin ne ma matsalar ba, wata lamba ce sai ka saya kafin ka iya shiga shafin da ake yin asainmen, in ba ka saya ba maki ya wuce ka.

To tambayata, in shiga gidan nan ne saboda sauƙin kuɗin, ko in ci gaba da hostal, ko in nemi haya a gari? Kuma ku da kuka riga mu yaya kuka yi da littattafai? Ban gaya wa Baba maganar firat ɗin ba tukuna.

kawun_samaru:

Wa alaikumus salam. Ɗana ka ji tsoron Allah ka rabu da maganar nan tun yanzu. Ni ban je Amurka ba amma na yi shekaru ina aiki a jami'a a nan gida, na ga abin da ƙungiyoyin ɗalibai masu rantsuwa da sirri suka yi wa 'ya'yan mutane. Ai a nan ma da kyakkyawar niyya aka fara, 1952 a kwalejin jami'a ta Ibadan su Wole Soyinka su bakwai suka kafa Pyrates don yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan manya, daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, har aka kai ranar 10 ga Yulin 1999 da aka shiga hostal a jami'ar Ife da dare aka kashe ɗalibai biyar. Duk wurin da za a ce sai an gwada ka kafin a karɓe ka, kuma abin da ya faru ciki ba a faɗa a waje, wannan ba wurin ɗan mutunci ba ne. Mahaifinka gara ya ci bashi ya biya hostal da a kira shi a waya da mummunan labari. Kuma ka gaya masa, kada ka yanke irin wannan shawara a bayan idonsa.

yaya_injiniya:

Kawu Allah ya saka da alheri, tsoronka yana kan hanya, sai dai in ɗan gyara wani abu don kada yaron ya je ya ga ba haka ba ne ya watsar da duk nasihar. Na can ba 'yan sara-suka ba ne, ba sa yawo da gatari, makaranta ta san da su, suna da rajista da ofis da lauyoyi da inshora, sanatoci da shugabannin ƙasa da yawa sun fito daga cikinsu. Tsohon abu ne, ta farko Phi Beta Kappa tun 1776 aka kafa ta, duk da ita yanzu ta koma ta karrama masu ƙoƙari ce kawai. Akwai na baƙaƙen fata ma, Alpha Phi Alpha da aka kafa a jami'ar Cornell 1906, Martin Luther King ɗan cikinta ne, ga Phi Beta Sigma ta jami'ar Howard 1914 wadda Zik da Kwame Nkrumah duk suka shiga. To ba iri ɗaya ba ne duka. Amma wadda aka kai ka ƙanina, mai ƙaton gida da mai dafa abinci, irin wadda rayuwarta ta ginu a kan fati ce, kuma ni shawarata kada ka shiga. Bari in faɗa maka dalili, na yi digiri na biyu da na uku a irin garin da kake, na koyar da yaran nan a lab, na san su.

Fara da kuɗin tunda shi ya ja ka. Abin da abokinka ya faɗa maka kuɗin ɗaki da abinci ne, ka koma ka ce ya rubuta maka duka a takarda: kuɗin shiga na sabon ɗan ƙungiya, kuɗin rantsarwa, kuɗin da ake biyan uwar ƙungiya ta ƙasa, kuɗin reshe duk simesta, na inshora, na shagulgula, riguna, kwat da za ka saka a liyafarsu, tarar da ake ci in ba ka zo taro ba. In ka haɗa sau da yawa za ka ga ratar da ke tsakaninsa da hostal ta shanye, wani lokacin ma ya wuce. Kuma kuɗin shagalin nan da za ka biya, gumin Baba, ina kake tsammanin yake tafiya? Ko ba ka kai kofi baki ba da kuɗinka aka yi hidimar. Sannan yawancinsu in ka shiga sai ka sa hannu za ka zauna a gidan shekara ɗaya ko biyu don kada ɗakuna su zauna ba kowa, in ka ga ba za ka iya ba a tsakiyar shekara kuɗin yana kanka.

Maganar "ba wanda zai tilasta maka" kuma, na yarda abokinka da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba shi kaɗai ne a gidan ba, kuma ba shi zai riƙe ku ba a makonnin gwaji. Tsarin shi ne ka je ɗiba, in sun so ka su ba ka tayi, sai ka zama ɗan gwaji na wasu makonni kafin a rantsar da kai, a wannan tsakanin ne ake yin abin da ake yi, hana barci, aike da tsakar dare, shan abu da yawa cikin ɗan lokaci. Duk makaranta ta haramta, duk uwar ƙungiya ta haramta a takarda, kuma ana yi. A Fabrairun 2017 a jami'ar Penn State wani yaro Timothy Piazza, sa'anka ne daidai shekara 19, kuma injiniyanci yake karanta, aka ɗura masa giya a daren karɓarsa ya faɗo daga bene, yana kwance tun dare sai da safe aka kira motar asibiti, ya rasu. Har doka aka yi da sunansa a jihar Pennsylvania a 2018, kuma a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i su riƙa fitar da rahoton irin wannan cin zarafi. Ka shiga shafin makarantarku ka nemi rahoton ladabtar da ƙungiyoyi, ka duba sunan gidan da aka kai ka, ko an taɓa dakatar da su da kuma dalili.

Abu na uku shi ne wanda su yaran ba za su taɓa tuna maka ba don bai shafe su ba. Kai bizar ɗalibi ta F-1 gare ka. A Amurka sai ka kai 21 doka ta yarda ka riƙe giya, kai 19 kake. Ranar da maƙwabta suka kira 'yan sanda aka zo gidan, ba za a tsaya tantance wane ne ya yi sallar isha'i ba, sunayen waɗanda ke wurin za a rubuta. Ɗan ƙasa babansa ya ɗauki lauya, ya biya tara, ya yi aikin gayya na wasu awanni, shi ke nan. Kai kuma sunanka ya shiga kundin 'yan sanda, kuma duk mun ga abin da ya faru a Afrilun 2025 da aka yi ta soke rajistar ɗaliban ƙasashen waje a SEVIS, wato kundin gwamnati na masu bizar karatu, da yawansu kan ƙananan abubuwan da har kotu ta riga ta kora, an mayar wa akasarinsu daga baya amma ka tambayi wanda ya shiga wannan halin yadda ya kwana. Wiwi ma haka, ko jiharku ta halatta, a dokar tarayya haram ce, kuma shige da fice na tarayya ne. Gidan da mutum 40 ke zaune ba za ka iya sanin abin da ke cikin kowace durowa ba.

In haɗin kai da neman hanyar aiki kake so, akwai na sana'a irin Theta Tau ta injiniyoyi, akwai NSBE ta baƙaƙen injiniyoyi wadda taronta na shekara kamfanoni ke zuwa ɗibar 'yan intanshif, in makinka ya yi kyau Tau Beta Pi ta karrama haziƙan ɗaliban injiniyanci su za su neme ka da kansu. Har ta Musulmi akwai, Alpha Lambda Mu, a jami'ar Texas ta Dallas aka fara ta 2013, sai dai ba ko'ina take da reshe ba. Tsofaffin takardun jarabawa kuwa je ka ofishin malamin a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai ka tambaye shi, da yawansu su suke sakawa da kansu.

anti_maman_biyu:

Sannu ƙanina, Allah ya ba da sa'a. Yayanka ya gama magana a kan firat, ni bari in kama ta littattafai don nan ne aka fi yi wa sababbin zuwa illa, ni na yi nas a can kuma yanzu 'yata tana aji uku.

Daga yau kada ka ƙara sayen littafi kafin ka zauna a lakcar farko. Ka karɓi silabos, ka ji bakin malamin, bayan an tashi ka same shi ka tambaye shi kai tsaye, Farfesa da gaske za a yi amfani da littafin nan, kuma tsohon bugu zai yi? Ba rashin kunya ba ne a wurinsu, sun saba, wani ma zai ce maka kada ka saya, wani ya ɗauko nasa a ofis ya ara maka. Bugu na 9 da na 10 sau da yawa bambancin hotuna ne da jerin tambayoyin ƙarshen babi, amma na 9 ɗin za ka same shi a kuɗin da bai kai na abincin rana biyu ba. In daga littafin ake ba da asainmen sai ka ɗauki hoton shafin tambayoyin daga na abokinka don lambobin su dace.

Laburare ɗinku akwai teburin da ake ajiye littattafan kwasa-kwasai, ba a fita da su sai dai a ba ka na awa biyu ko uku, ka zauna ka karanta ko ka yi sikanin babin da kake buƙata, injin sikan kyauta ne a yawancin wurare. In babu, ka roƙi malamin ya sa a ajiye kwafi ɗaya, saƙo ɗaya zai tura musu. Akwai kuma tsarin da laburarenku zai aro maka littafi daga wata jami'ar, sai dai ka nema da wuri don kowa wannan dabarar yake yi. Sannan ka duba OpenStax, na jami'ar Rice ne, tun 2012 suke fitar da littattafai kyauta kuma halal, lissafi, fizik, kimiyyar sinadarai, bayoloji, duk na aji ɗaya da biyu akwai, ko ba shi malaminku ya zaɓa ba ilimin ɗaya ne.

In dole sai ka saya, ka ɗauki lambar shaidar littafin, wato ISBN, doka ce tun 2008 makaranta ta nuna ta a jadawalin kwasa-kwasai, ka sa ta a intanet ka gwada farashi, na hannu, na haya, ka duba Facebook Marketplace da guruf ɗin 'yan sashenku, 'yan aji biyu suna neman wanda za su sayar wa. Akwai kuma bugun ƙasashen waje mai laushin bango, irin wanda ake bugawa don Indiya da sauransu, arha sosai. Wasu za su tsorata ka su ce laifi ne, ba laifi ba ne, wani ɗalibi ɗan Tailan mai suna Kirtsaeng da ya riƙa shigo da su yana sayarwa kamfanin Wiley ya kai shi ƙara har kotun ƙoli, a 2013 kotu ta ba shi gaskiya. Kawai ka lura wani lokacin tambayoyin ciki ko ma'aunan sun bambanta. Wanda ban yarda da shi ba shi ne sauke na sata a intanet ɗin makaranta da sunanka da lambarka, kai da ke kan biza ba ka da wannan sararin.

Ita lambar shiga shafin asainmen ita ce ba ta da magani sosai, don ba a sayen ta hannu, in an yi amfani da ita sau ɗaya ta mutu. Amma ko ita akwai dabara. Manyan kamfanonin, su Pearson da McGraw Hill da Cengage, suna ba da kamar sati biyu kyauta a farkon simesta, ka fara da wannan har ka tabbatar ba za ka ajiye kwas ɗin ba. Yawanci lambar tana zuwa da littafin a ciki na karantawa a kwamfuta, to kada ka sayi na takarda kuma. In kwas ɗin kashi biyu ne, lissafi na ɗaya da na biyu, ka duba ko ta simesta biyu ta fi sauƙi, kai ma duba wadda ka saya yanzu wataƙila har Janairu tana aiki. Kuma ka buɗe takardar biyan kuɗinka ka karanta layi-layi, makarantu da yawa yanzu suna zuba kuɗin littattafai a ciki kai tsaye ba tare da ka nema ba, kana da damar ka ce a cire ka amma akwai ranar ƙarshe, galibi cikin sati biyun farko, in ta wuce shi ke nan. Ka lissafa ka gani, wani kwas ɗin tsarin nasu ya fi arha, wani kuma asara ce.

Na sinadaran da ka riga ka saya ka riƙe shi da tsabta, kada ka kai wa kantin makaranta a ƙarshen simesta don abin da za su ba ka ba zai yi maka daɗi ba, ka sayar wa ɗalibi hannu da hannu a satin farko na Janairu.

Maganar gida kuma ni haya nake goyon baya saboda abu ɗaya, tukunya. Kuɗin kafteriya kana biyan cikakke ne alhali rabin abin da ke wurin ba ka ci, kullum kana tambaya wannan da naman alade ne, wancan da giya aka dafa. Buhun shinkafa, wake, taliya, kaza daga shagon halal na Larabawa ko 'yan Pakistan, manja da garin tuwo daga shagon 'yan Afirka, in ka iya dafa miya ɗaya ranar Lahadi ta kai ka Alhamis. In wani zai zo daga gida a kawo maka kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, amma ban da kilishi, nama ba ya wucewa a filin jirgi, kuma duk abincin da aka ɗauko a faɗa wa jami'an kwastan. Ka je sallar Juma'a ka yi cigiya a wurin 'yan MSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, tun 1963 take, a Illinois aka kafa ta, kusan ba babbar jami'ar da babu ita, kullum akwai masu neman na uku ko na huɗu a gida.

baƙon_tafki:

Ni dai zan ɗan saɓa da Anti a kan saurin fita gari. Na yi hakan a aji biyu, mu huɗu duk 'yan Najeriya, kuɗi kam mun rage sosai ba ƙarya, amma shekarar nan kusan ban yi sabon aboki ko ɗaya ba, daga aji sai gida sai hira da Hausa da Pijin, ga gidan da nisa, in dusar ƙanƙara ta zubo ka tsaya jiran bas cikin sanyin da yake shiga ƙashi sai ka ji lakcar ƙarfe takwas ba dole ba ce. Injiniyanci kuma ba a yin sa mutum ɗaya, waɗanda kuke warware asainmen tare da daddare su ne za su gaya maka wane malami za ka ɗauka, wane kamfani ke ɗiba. Ina ganin abin da ya burge ka a gidan firat ɗin nan ba kuɗin kaɗai ba ne, ka ga mutane sun ja ka a jiki ne a garin da ba ka da kowa, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya kada kowa ya raina ta. Watan Nuwamba na zuwa, ƙarfe biyar duhu ya yi, ranar hutun bikin Thanksgiving kowa ya tafi gidansu harabar ta yi tsit, nan ne kaɗaici ke kama mutum.

Akwai hanyar da ba wanda ya ambata, ka nemi aikin RA, ɗalibin da ke kula da hawa ɗaya a hostal. Yawancin makarantu ɗaki kyauta suke ba shi, kai kaɗai a ɗakin, wasu har da abinci, kuma aikin cikin makaranta ne don haka bizarka ta yarda in dai bai wuce awa 20 a sati ba lokacin karatu. Ana buɗe neman ne tun yanzu zuwa Janairu, je ka tambayi RA ɗin hawanku yau ɗin nan. Akwai wahala, za a tashe ka da dare wani ya kulle kansa a waje ko wani ya sha ya faɗi, kuma gasa ce ba kowa ake ɗauka ba, amma in ka samu Baba ya huta gaba ɗaya. Ka duba kuma ko garinku akwai gidajen haɗin gwiwa na ɗalibai, irin na garuruwan Berkeley da Ann Arbor, inda kowa ke yin aikin gida na wasu awanni a sati, shara ko girki, haya ta sauko. Sai dai wasunsu ma akwai hayaniya, ka je ka gani da idonka ranar Juma'a da dare ba ranar Talata da rana ba. Gidan firat ɗin ma da rana aka kai ka ko?

ɗan_ƙofar_mata:

Na gode ƙwarai Kawu, Yaya, Anti, da kai ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. Eh da rana ne, ranar Laraba. Kuma gsky abin da ka faɗa na kaɗaici haka ne. Na yi magana da Baba jiya, ya ce maganar ƙungiya a bar ta, na kuma gaya wa abokin nawa, bai ji haushi ba ya ce mu ci gaba da karatunmu tare. Zan cike takardar RA. Amma in ban samu ba, akwai wasu 'yan uwa biyu a masallaci ɗan Sudan da ɗan Senegal suna neman na uku, mai gidan ya ce sai mun kawo garanto ɗan ƙasa mai lambar shaida ta gwamnati, wato SSN, kuma mu sa hannu kafin ƙarshen wata. Ni ba ni da kowa a nan. Kuma sakamakon RA sai wajen Fabrairu ko Maris zai fito, in na sa hannu yanzu kuma na samu fa?

yaya_injiniya:

Madalla da ka gaya wa Baba. Kada "kafin ƙarshen wata" ya firgita ka, haka suke cewa kowace shekara, gidajen da ke manne da makaranta ne ke ƙarewa da wuri, na kan layin bas har bazara ana samu.

Kada ka sa hannu da niyyar in ka samu RA ka zame, takardar haya a can ba wasa ba ce, wata 12 ce yawanci daga Agusta zuwa Yuli, ko ka tafi Kano hutu kana biya. Ka duba wace iri ce. In ta haɗaka ce, ku ukun a takarda ɗaya, ranar da ɗaya ya kasa biya ko ya koma ƙasarsu mai gida zai iya bin ka duka kuɗin. In ta kowa da ɗakinsa ce, naka kawai ke kanka, ta fi ɗan tsada amma ta fi kwanciyar hankali. Ka tabbatar an rubuta cewa kana da damar saka wani a madadinka, da nawa ake caji in za a canja suna. In akwai wannan sharaɗin to ko RA ta fito kana iya neman wani ɗan'uwa a masallaci ya karɓa, sababbin 'yan digiri na biyu masu zuwa a Agusta kullum suna neman ɗaki. In babu, ka gaya wa 'yan uwan nan gaskiya su jira ka zuwa Maris ko su nemi wani.

Garanto kuma ba kai ne na farko ba, masu gidaje a garuruwan jami'a sun saba da 'yan ƙasashen waje. Ka nuna musu I-20 ɗinka, wato takardar da makaranta ta ba ka ta neman biza, da takardar tallafin makaranta da bayanin banki, wasu za su karɓa su ce ka ƙara dipozit ko ka biya wata biyu gaba. Akwai kamfanonin da ke tsayawa mutum a biya su, amma wannan kuɗin ba ya dawowa, ka bar shi ya zama na ƙarshe. Kada ka ɗora wa wani dattijo a masallaci nauyin ya tsaya maka sai in shi ya yi tayi da kansa. Ka tambaya hita da me take aiki kuma wa ke biya, a jiharku kuɗin ɗumama gida a Janairu da Fabrairu zai iya ninka na sauran watanni, ka ce a nuna maka bil ɗin bara. Ranar da kuka shiga ku ɗauki hoton komai, bango, kafet, cikin oben, ku tura wa mai gidan ta imel don dipozit ɗinku ya dawo.

Kafin ka sa hannu ka kai takardar ofishin lauyan ɗalibai, manyan jami'o'in jiha da yawa suna da shi kuma kuɗinsa yana cikin abin da kake biya, in babu a taku ka kai ofishin ɗaliban ƙasashen waje su nuna maka inda za ka. In kun koma kuma ka sanar da wannan ofishin sabon adireshinka cikin kwana 10, sharaɗin biza ne. Ka turo min hoton shafukan ta inbok in ka karɓo, ka rufe sunanka da adireshin, zan duba maka a ƙarshen mako insha Allah.